Tambarin Gahawa da Abinci: Abin da Yake Tabbatarwa da Abin da Ya Yi Shiru a Kai

Wanda ya juya ƙunshin gahawa ko cakulan a babban kanti zai ga bayansa cike da ƙananan tambura: wani mai hoton koren kwaɗo, wani mai shuɗi da kore da siffar mutum ya ɗaga hannu, wani kuma ganye ne da aka zana da taurari. Kowanne yana shaida wa mai saye cewa an bi wata ƙa'ida kafin kayan su iso hannunsa. Ana cikin haka sai Tarayyar Turai ta fito da dokoki biyu. Ta farko, wadda aka zartar a 2023, ta haramta sayar da gahawa, koko, manja, waken soya, roba, katako da naman shanu a kasuwarta muddin sun fito daga filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba, 2020. Ta biyu, ta 2024, ta hana kamfanoni rubuta kirari irin su "mai kare muhalli" a jikin kaya ba tare da hujja ba, daga 27 ga Satumba, 2026.

An tsara dokar dazuzzukan za ta fara aiki a ƙarshen 2024, aka ɗaga ta zuwa ƙarshen 2025, sannan aka sake ƙara mata shekara guda. Masu fafutukar kare muhalli suka ce an miƙa wuya ga manyan 'yan kasuwa. Ƙasashen da ke noma kayan kuma suka ce ko da ɗagawar, tsugune ba ta ƙare ba. Shi kuwa mai saye, an shafe fiye da shekara 30 ana gaya masa cewa zaɓin da yake yi a kanti zai iya gyara rayuwar manomi, ya kuma ceci daji. In har tambarin na yin wannan aikin, me ya kawo doka?

## Tambayoyi uku da ake cuɗawa wuri ɗaya

Idan aka ce mutum ya sayi abinci bisa adalci, ana nufin ya kula da haƙƙin waɗanda suka samar da shi. Wannan kansa ya rabu biyu. Akwai batun kuɗi: nawa ya shiga hannun manomi, ya kuma isa ya ci da iyalinsa, ya biya kuɗin makaranta da na magani? Sai batun aiki: wa ya yi tsinka da dako, an biya shi ko an danne, yaro ne ko babba, da son ransa ya zo ko bashi ne ya ɗaure shi? Wasu na ƙarawa da yadda aka kula da dabba kafin a tatse ta ko a yanka.

Noma mai ɗorewa kuma magana ce ta ƙasa da ruwa da iska. Shin yadda aka noma abin zai bar gonar ta ci gaba da bayar da amfani nan da shekara 50, ko kuwa an cinye daji, an zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, an saki iskar da ke ɗumama duniya?

Amsoshin nan uku ba dole ba ne su tafi tare. Katafariyar gona a Barazil mai girbi da inji tana iya biyan ma'aikatanta cikakken albashi bisa doka, ta samar da gahawa mai yawa a ɗan fili, amma babu bishiyar da tsuntsu zai sauka a kai. Ƙaramin manomi a tsaunukan Habasha yana noma a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, ba ya zuba takin zamani domin ba shi da kuɗinsa, amma talauci na iya sa 'ya'yansa su ƙaurace wa makaranta lokacin girbi. Kowannensu ya haye a wani fanni, ya faɗi a wani. Tamburan ma haka suke, kowanne da tambayar da aka ƙirƙire shi ya amsa.

## Faɗuwar farashin da ta haifi tambura

Yawancin gonakin gahawa na ƙananan manoma ne masu 'yan hektoci. Farashin nau'in Arabika a kasuwar New York ake yanke shi, na Robusta kuma a Landan, inda ake cinikin kayan da wani lokaci ba a ma girbe su ba. Manomi a Kolambiya ko Yuganda ba shi da ta cewa. Sanyin da ya ƙone gonaki a Barazil, wadda ke samar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na gahawar duniya, ko damina mai kyau a Biyetnam da ke bi mata, su ne ke yanke masa abin da zai samu a shekarar.

Tun 1962 akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashe masu nomawa da masu saye, wadda ta ƙayyade adadin da kowace ƙasa za ta fitar don kada kaya su yi wa kasuwa yawa. Tsarin ƙayyadewar ya rushe a Yulin 1989, farashi ya faɗi warwas. A shekarun 1990 Biyetnam ta faɗaɗa noma ƙwarai, Barazil ma ta ƙara, har a 2001 laba ɗaya, wato ɗan ƙasa da rabin kilo, ta koma ƙasa da santi 50 na dalar Amurka. Manoma da dama sun bar 'ya'yan gahawa sun ruɓe a jikin bishiya saboda kuɗin tsinka ya fi abin da za a sayar, ma'aikatan gona a Amurka ta Tsakiya kuma suka rasa aiki, da yawansu suka yi ƙaura.

Tambarin ciniki na adalci na farko, Max Havelaar, ya fito a Holan a 1988, da gahawar wata ƙungiyar manoma ta jihar Oaxaca a Meziko. Dabararsa ita ce a nemi mai saye ya ƙara ɗan wani abu, a kuma tabbatar masa cewa ƙarin ya isa gona. A 1997 ƙungiyoyi irinsa na ƙasashe daban-daban suka dunƙule suka kafa abin da ake kira Fairtrade International a yau, mai hedkwata a Bonn ta Jamus. Rainforest Alliance, mai tambarin kwaɗo, an kafa ta a 1987 kuma damuwarta tun farko daji ne. A 2018 ta haɗe da wata takwararta mai suna UTZ.

## Alƙawarin kowanne

Ginshiƙin Fairtrade abu biyu ne: farashin da ba a sauka ƙasa da shi, da wani ƙarin kuɗi da ake ba ƙungiyar manoma ta yanke yadda za ta kashe shi, ko rumbun ajiya ko makaranta ko raba wa mambobi. Daga Agustan 2023 an ɗaga mafi ƙarancin farashin Arabika da aka wanke daga dala 1.40 zuwa dala 1.80 kowace laba. Ƙarin kuɗin ƙungiya santi 20 ne, sai santi 40 a kai idan gahawar oganik ce, wato wadda aka noma ba takin zamani ba maganin feshi na sinadari.

Amfanin wannan tsari ya danganta da halin da kasuwa ke ciki. A 2019, da Arabika ta faɗi ƙasa da dala ɗaya, manomin da ya sayar bisa ƙa'idar Fairtrade ya tsira daga asarar da maƙwabcinsa ya tafka. A Fabrairun 2025, da fari a Barazil ya harba farashi sama da dala 4, mafi ƙarancin farashin bai tsinana komai ba, sai santi 20 ɗin nan kawai suka rage. Saboda haka inshora ce ta shekarar da kasuwa ta karye. Kuma idan aka lissafa, ƙarin bai taka kara ya karya ba ga mai sha: laba ɗaya, bayan ta rage nauyi wajen soyawa, tana ba da fiye da kofi 30, don haka ƙarin santi 40 na 2023 bai fi santi ɗaya da ɗoriya a kowane kofi ba. Abin da mai sha ke biya a shago yawancinsa kuɗin haya ne da albashi da madara da talla.

Rainforest Alliance ba ta da mafi ƙarancin farashi. Ƙa'idojinta sun fi karkata ga hana sare daji, taƙaita magungunan feshi masu haɗari, kare rafuka, da haƙƙin ma'aikata, tare da ɗan ƙarin kuɗi ga manomi. Manyan gonaki na iya shiga, abin da Fairtrade ba ta yarda da shi a gahawa da koko ba. Tambarin oganik yana magana ne a kan hanyar noma kaɗai, wato ba takin zamani, ba maganin feshi na sinadari, ba irin da aka sauya wa halitta. Bai ce komai a kan ladan ma'aikaci ba. Akwai kuma Bird Friendly na cibiyar Smithsonian ta Amurka, wanda ya shar'anta gona ta zama oganik kuma inuwar itatuwa ta rufe aƙalla kashi 40 cikin 100 nata. Ya fi sauran tsauri ta fuskar muhalli, amma gonakin da ke ɗauke da shi kaɗan ne.

Sai tamburan da kamfanoni suka ƙirƙira wa kansu, kamar C.A.F.E. Practices na Starbucks, AAA na Nespresso, da Cocoa Life na Mondelez, wanda kamfaninsa na cakulan Cadbury ya sanar a 2016 cewa zai koma gare shi daga Fairtrade. Kamfanonin sun ce haka ya ba su damar kai tallafi ga manoma da yawa. Masu suka sun ce mai kaya ne ya rubuta ƙa'idar da za a auna shi da ita. Ƙananan masu soya gahawa kuma sukan rubuta cewa kai-tsaye suke saye daga manomi. Wannan furuci ba shi da ƙa'ida ɗaya ko mai bincike na waje. Yana iya nufin an ninka wa manomi farashin kasuwa saboda ingancin kayansa, yana kuma iya zama ziyara ce aka kai gonar aka ɗauki hoto. Abin da ke bambance su shi ne ko mai sayarwa ya wallafa farashin da ya biya.

## Inda ake taƙaddama

Suka ta farko ita ce samun takardar shaida ba ya nufin samun mai saye. Ƙungiyar manoma ce ke biyan kuɗin bincike da na cika ƙa'idoji a kan dukkan amfaninta, amma sau da yawa wani kaso ne kawai ake saye bisa sharuɗɗan tambarin, ragowar kuma ta tafi kasuwar gama-gari a farashin kowa.

Ta biyu ta shafi 'yan ƙodago. A 2014 masu bincike daga makarantar SOAS ta Jami'ar Landan sun fitar da sakamakon nazarin shekara huɗu a Habasha da Yuganda. Sun gano cewa ma'aikatan da ake ɗauka haya a yankunan da ke da shaidar Fairtrade ba su fi takwarorinsu samun lada ba, a wurare da dama ma sun fi su samun kaɗan. Fairtrade ta ƙalubalanci yadda aka yi kwatancen, tana cewa an haɗa ƙananan gonaki da manya masu jari. Duk da haka binciken ya taɓo wani giɓi na gaske: an gina tsarin ne domin mai gona, shi kuwa wanda mai gonar ya ɗauka aiki, wanda galibi ya fi shi talauci, ya daɗe a gefe.

Ta uku ita ce binciken kansa. Mai bincike yakan zo ne jefi-jefi, kuma a ƙungiya mai dubban mambobi 'yan gonaki kaɗan zai iya dubawa. Jami'an ƙwadago na gwamnatin Barazil sun sha ceto ma'aikata daga yanayin da dokar ƙasar ta ɗauka tamkar bauta a gonakin gahawa na jihar Minas Gerais, har da wasu gonakin masu takardar shaida.

Akwai kuma abin da yawancin masu saye ba su sani ba. A koko, shayi, sukari da ruwan 'ya'yan itace, an yarda kamfani ya sayi tan 100 mai shaida, ya gauraya shi da wanda ba shi da ita a masana'anta, sannan ya buga tambarin a kan kayan da suka yi daidai da tan 100 ɗin. Manomi ya karɓi kuɗinsa, amma cakulan ɗin da ke hannun mai saye ba lallai ne a samu ƙwayar koko mai shaida a cikinsa ba. Gahawar Fairtrade ba ta cikin wannan sassauci, dole a ware ta tun daga gona.

Masu kare tamburan suna da nasu hujjojin. Nazarce-nazarce da dama sun nuna cewa manoman da ke cikin ƙungiyoyi masu shaida sun fi samun farashi mai tsayawa wuri ɗaya, da rance kafin girbi, da horo, da ƙarfin ciniki a gaban dillalai. Idan aka haɗa ɓangarorin biyu, hoton da ke fitowa shi ne amfani matsakaici ga mai gonar da ke cikin ƙungiya mai tsari, da amfani kaɗan ga ɗan ƙodago. Kuma ƙarin farashi, komai kyansa, ba ya fitar da mai rabin hekta daga talauci, domin abin da yake girbewa ne ya yi kaɗan.

## Koko da aikin yara

A koko ne iyakar alƙawarin son rai ta fi bayyana. Kodebuwa da Ghana su biyu suna samar da fiye da rabin kokon duniya. A 2001 manyan kamfanonin cakulan suka sa hannu a yarjejeniyar Harkin-Engel, mai sunan wasu 'yan majalisar Amurka biyu, suka yi alƙawarin kawar da mafi munin nau'o'in aikin yara nan da 2005. An yi ta ɗaga wa'adin. A 2020 cibiyar bincike ta NORC ta Jami'ar Chicago ta ƙiyasta cewa yara miliyan 1.56 ne ke aikin da bai dace da shekarunsu ba a gonakin koko na ƙasashen biyu, yawancinsu aiki mai haɗari kamar sara da adda, ɗaukar kaya masu nauyi da mu'amala da maganin feshi. Mafi yawansu a gonar iyayensu suke, kuma wannan na nuna tushen matsalar: uban da ba zai iya biyan babban ma'aikaci ba, ɗansa yake kira.

Gwamnatocin biyu sun gwada bi ta hanyar farashi. A 2019 suka sanar da ƙarin dala 400 a kan kowane tan don inganta rayuwar manomi. Masu saye suka amince a baki, amma sauran ƙarin da ake biya saboda ingancin kokon ƙasashen ya zube, har ya cinye wani ɓangare na ribar. A 2024, da cututtukan bishiya da rikicewar damina suka karya amfani, tan ɗaya ya haura dala 10,000. Manoman ƙasashen biyu ba su ga kuɗin nan take ba, domin hukumomin gwamnati ne ke yanke farashin gona kuma sun riga sun sayar da yawancin amfanin tun kafin girbi. Kodebuwa ta ɗaga kilo daga sefa 1,000 zuwa 1,500 a Afrilun 2024, sannan 1,800 a Oktoba, wanda duk da haka ya yi nisa da farashin duniya. Masu fafutuka kan kwatanta lamarin da kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Gahawa ma haka: Jamus da Suwizalan ba sa nomanta, amma suna cikin ƙasashen da suka fi samun kuɗi daga fitar da ita, saboda a wajen soyawa da ƙunshewa ribar take.

## Ma'aunin muhalli: me aka ci, nawa aka zubar

Shawarar da aka fi ji ita ce a sayi abin da aka noma kusa. Alƙaluma ba su goyi bayanta sosai ba idan ana maganar ɗumamar yanayi. A 2018 Joseph Poore da Thomas Nemecek suka wallafa nazari a mujallar Science da ya tattara bayanan gonaki kusan 38,700 a ƙasashe 119. Ya nuna cewa samar da abinci ne ke da alhakin kusan kashi 26 cikin 100 na iskar da ɗan'adam ke saki mai ɗumama duniya, kuma sufuri kusan kashi 6 cikin 100 ne kawai na wannan. Mafi yawa daga gona yake fitowa: sare daji, takin zamani, da iskar da shanu da tumaki ke fitarwa wajen tuƙa.

Bambancin da ke tsakanin nau'o'in abinci ya ninka na nisa sau da yawa. A ƙididdigar da aka ciro daga nazarin, kilo ɗaya na naman shanun da aka kiwata don nama yana jawo kimanin kilo 60 na wannan iska, naman kaza kimanin 6, dangin wake kuwa kimanin 1 zuwa 2. Gahawa tana wajen 17, adadi mai yawa, sai dai kofi ɗaya giram 10 ko ɗan fiye yake ci. Wanda ya cika kofinsa da madarar shanu, madarar ta fi gahawar nauyi a wannan ma'auni, duk da cewa gahawar ta tsallako teku a jirgin ruwa. Tumatirin da aka noma a ɗakin gilashi mai ɗumi a Ingila lokacin hunturu yana iya fin wanda aka ɗauko a mota daga Sifaniya sakin iska.

Inda nisa ke da tasiri shi ne kayan da ake ɗauka a jirgin sama saboda saurin lalacewa, kamar ɗanyen wake da wasu 'ya'yan itace. Ko a nan akwai ja-in-ja, domin ɗanyen waken da ke tashi daga Kenya zuwa Turai shi ne abincin dubban ƙananan manoma da mata masu aikin ƙunshewa, mutanen da iskar da suke saki ba ta kai kusa da ta mai sayen ba. Ƙaurace masa ya amsa tambayar muhalli, ya ɓata ta kuɗi.

Zubar da abinci kuma ba ya buƙatar tambari. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce an zubar da tan biliyan 1.05 na abinci a 2022, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya isa ga masu saye, kuma kashi 60 cikin 100 na wannan a gidaje aka zubar.

## Oganik da manja

Noman oganik yana rage gubar feshi ga manomi da ƙudan zuma da rafuka, yana kuma kyautata ƙasa. Raunin sa shi ne yabanya. Manyan nazarce-nazarce sun sa giɓin tsakanin kashi 19 zuwa 25 cikin 100 a matsakaici, ke nan ana buƙatar ƙarin fili don samun abinci daidai da na noman zamani, kuma ƙarin filin sau da yawa daga daji yake fitowa. Sri Lanka ta hana shigo da takin zamani lokaci guda a Afrilun 2021. Amfanin shinkafa ya faɗi sosai, gwamnati ta janye matakin kafin shekarar ta ƙare. Masu goyon bayan oganik sun ce laifin gaggawa ne da rashin shiri, kuma akwai gaskiya a nan.

Manja ya yi ƙaurin suna saboda dazuzzukan Indonesiya da Malesiya, waɗanda ke samar da kusan kashi 85 cikin 100 na na duniya. Sai dai kwakwar manja tana ba da mai a hekta ɗaya ninkin-ba-ninkin abin da waken soya ko furen rana ke bayarwa, don haka maye gurbinsa zai ci fili mafi girma a wani wuri. Shi ya sa ƙungiyoyin muhalli da dama suka fi son a gyara nomansa a kan a ƙaurace masa. Tambarin RSPO, na shaidar noman manja mai ɗorewa, da aka kafa a 2004, ya rufe kusan kashi ɗaya cikin biyar na manjan duniya.

## Abin da dokar Turai ta sauya

Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce faɗaɗa gonaki da wuraren kiwo ne ke jawo kusan kashi 90 cikin 100 na sare dazuzzuka. Kodebuwa kaɗai ta rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na dajinta tun 1960, kuma koko na kan gaba a dalilan. Duk wannan ya ci gaba a zamanin tambura, domin tambari zaɓi ne, wanda ba ya so ya bar shi.

Dokar ta ɗauke nauyin daga kan mai saye ta ɗora wa kamfanin da ya shigo da kaya. Dole ya gabatar da alƙaluman taswira na kowace gonar da kayan suka fito, gonar da ta wuce hekta 4 kuma sai an zana iyakokinta gaba ɗaya, domin a gwada da hotunan tauraron ɗan'adam. Dole kuma a nuna an bi dokokin ƙasar da aka noma kayan. Tarar na iya kaiwa kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a Tarayyar. Takardar Fairtrade ko Rainforest Alliance tana taimakawa wajen tara hujja, amma ba ta wadatar ita kaɗai.

A Satumban 2023 ƙasashe 17, ciki har da Barazil, Indonesiya, Ghana da Kodebuwa, suka rubuta wa Tarayyar cewa dokar ta yi biris da halin da suke ciki kuma za ta fi cutar da ƙananan manoma. Hujjarsu ta fi ƙarfi a wurare irin Habasha, inda miliyoyin manoma ke da gonakin da ba su kai hekta ɗaya ba, dillalai kuma ke haɗa kayan mutane da yawa a buhu guda. Ga kuma wani tarko: gonar gahawa mai inuwa tana iya bayyana kamar daji a hoton sama, sai manomin da ya fi kowa kiyaye itatuwa ya zama shi ake tuhuma idan ya rage reshe. Mai shigo da kaya da ke gudun tara zai fi samun sauƙi ya koma ga manyan gonakin Barazil masu taswira a shirye.

Masu goyon bayan dokar sun amsa da cewa taswirar na iya zama riba ga manomi, domin ita ce karon farko da ake rubuta sunansa da gonarsa, abin da ke rage ha'incin dillalai. Ghana da Kodebuwa sun yi nisa wajen auna gonaki, Kodebuwa ma ta raba wa manoma katin shaida. Su ma suna da nasu ƙorafin. A Mayun 2025 da aka fitar da jerin ƙasashe masu babban haɗari, huɗu kawai aka sa: Rasha, Belarus, Koriya ta Arewa da Myanmar, babu babbar mai noman koko ko gahawa a ciki. Akwai kuma fargabar a raba kasuwa biyu, kayan da ke da tsabta su tafi Turai, na dajin da aka sare su nufi wasu ƙasashen.

## Mai saye da manomi

Ga mai saye, dokar talla ta 2024 za ta rage tamburan da kamfani ya zana wa kansa ba tare da mai tantancewa na waje ba, da iƙirarin cewa kaya ba su da illa ga yanayi don kawai an biya kuɗin dasa itatuwa a wani wuri. Abin da ya rage masa shi ne ya san tambayar da yake son a amsa masa. Mai damuwa da kuɗin manomi zai duba mafi ƙarancin farashi ko farashin da aka wallafa. Mai damuwa da daji da tsuntsaye zai duba sharaɗin inuwa. Mai damuwa da ɗumamar yanayi kuwa, yawan nama da madara da abin da ke tafiya kwandon shara sun fi kowane tambari tasiri. Wannan zaɓin ma na mai hali ne: Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.8 ne ba su iya sayen abinci mai gina jiki ba a 2022, balle su ƙara kuɗin tambari.

Ga manomi, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa zai biya kuɗin awon gona, da waya, da ajiye bayanai, da ware buhuna. Dokar ta ɗora alhaki a kan kamfani, amma ba ta tilasta masa ƙara farashi ba, kuma a cinikin da masu saye kaɗan ne, masu sayarwa miliyoyi, irin wannan kuɗi yakan gangara ƙasa. Sauyin yanayi zai ƙara matse shi. Wani nazari na 2015 ya yi hasashen cewa filin da ya dace da noman gahawa na iya raguwa da kusan rabi nan da 2050. Arabika na son sanyi, don haka idan zafi ya ƙaru sai manomi ya hau tudu, kuma a ƙasashe da dama tudun da ya rage daji ne. Duk gonar da aka sare a can bayan 2020, gahawarta ba za ta shiga kasuwar Turai ba.